Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnonin Arewa: Kafin Ku Hana Gawayi, Ku Faɗa Mana Da Me Za A Dafa Tuwo

Zuwa ga Shugaba da sauran mambobin Ƙungiyar Gwamnonin Jihohin Arewa 19.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a, Allah Ya taya ku riƙo.

Kusan kowace shekara sai an ji wata jiha daga cikin jihohinku ta sanar da haramta sare itatuwa da ƙona gawayi. A kafa kwamiti, a tare mota biyu ko uku a kan hanya, a ɗauki hoton buhuna a nuna wa 'yan jarida. Kafin wata ya zagayo, manyan motoci sun ci gaba da shiga Kano da Kaduna da Sakkwato da lodi har ya fi ƙarfin bodi, abin da ya canza kawai shi ne kuɗin da direba ke miƙawa a shingen hanya, da kuma farashin ƙullin gawayin da matar aure ke saya a bakin layi. Aikin gandun daji na yi har na yi ritaya, don haka ba ni ne zan kare mai gatari ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na ga ana yi wa maganar makamashi riƙon sakainar kashi, alhali a kanta dajinmu da ruwanmu da lafiyar iyalinmu suka rataya.

Ba sai na ɓata muku lokaci wajen kafa hujjar cewa yanayi ya sauya ba. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin inda ta fi ɓarna. A watan Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai maki 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. A watan Satumban shekarar madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye babban ɓangaren Maiduguri, kodayake a nan laifin bai tsaya kan sama kaɗai ba, akwai na waɗanda ya kamata su kula da madatsar. Sai ga ambaliyar Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayun 2025. Gaskiya ne Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin da ke ɗumama duniya, kuma daidai ne wakilanmu su riƙa faɗin haka da babbar murya a tarukan duniya. To amma ba Bature ne ke sare mana kaɗanya ba, ba kuma shi ne ke rufe ƙofar dam a hana na ƙasa ruwa ba.

Maganata guda ce. Babu makamashin da ake samu a banza. Mai, gas, kwal, ruwa, rana, iska, itace, kowanne da abin da yake ci. Hausawa suka ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, sai dai a wannan harka tamu wani ke yin gudun, wani daban ke cin zomon. Kafin ku sa hannu a kan kowace kwangila ko kowace doka ta makamashi, tambayar da ya kamata a fara yi ita ce: wa zai biya, kuma an tambaye shi?

Bari in fara da murhu, domin a nan ne mafi yawan makamashin da Arewa ke ƙonawa yake tafiya, ba a turakun lantarki ba. Matar ƙauye da ke tsintar ƙirare da karan dawa ba ita ce ta cinye daji ba. Sababbin gonaki sun ci nasu kason, wannan ba a musu. Amma saran da ke kwantar da manyan itatuwa ɗanyu, na kasuwa ne, kuma birni yake ciyarwa: gidajen burodi, masu tsire da balangu, masu shayi, makarantun kwana, gidajen yari, da miliyoyin kurfoti a gidajen haya. Yadda ake ƙona gawayi a ramin ƙasa, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a samu kilo ɗaya, saura ya tafi a hayaƙi. Kuma mai ƙonawa ba kowane itace yake so ba. Ƙirya yake nema, da marke, da kaɗanya, masu nauyi waɗanda garwashinsu ke daɗewa. Waɗannan su ne masu jinkirin girma. Kaɗanya kan yi shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, sannan ta ciyar da mata da man kaɗe har jikoki. A yini ɗaya ake mayar da ita buhu kaɗan.

Me ya ingiza mutanen birni ga gawayi? Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun bayan cire masa tallafi a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado. Waɗanda suka lallaɓa suka sayi tukunyar gas, a 2024 suka wayi gari kilo ɗaya ya haura naira 1,000, ga cire tallafin fetur na 29 ga Mayun 2023 ya riga ya tsuke aljihu. Sai aka jingine tukunya a lungu aka koma kurfoti. Wanda ya rayu a shekarun 1990 zai tuna murhun ɗiɗɗigar katako da aka laƙaba wa sunan Abacha lokacin da kananzir ya yi ɓatan dabo. Tukunya ba ta jiran gwamnati. In kun hana gawayi yau ba tare da kun ajiye wani abu a gurbinsa ba, gobe da safe za a dafa koko, kuma da itace za a dafa shi.

Ga kuma wanda ake mantawa da shi a lissafi, wato huhun mai girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida na kashe mutum wajen miliyan 3 a duniya kowace shekara. A wurinmu mun san su wane ne: uwa a madafi da goyo a bayanta. Ana kai yaro asibiti da ciwon haƙarƙari, a rubuta magani, a dawo da shi gindin murhun da ya jawo ciwon.

Saboda haka ni, tsohon malamin daji, gas nake goyon baya don girkin birane, kuma na san abin da za a ce mini. Za a ce ai gas ma daga ƙasa ake haƙo shi, yana cikin masu ɗumama duniya, kuma Najeriya ta yi alkawari a taron Glasgow na 2021 cewa za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060. Haka ne. Amma a auna. Tukunyar gas ɗaya a gidan haya tana tsare itatuwan da za a sare, tana kuma raba mace da hayaƙi. Ƙasar da ke da gas sama da ƙafa tiriliyan 200 a ƙarƙashin ƙasa, wadda tun 1984 doka ta ce a daina ƙona shi a banza a rijiyoyin mai amma har yau wutar na ci dare da rana a Neja Delta, ba ta da bakin cewa girkin talaka ne zai lalata duniya. Jamus da ke yi wa kowa wa'azin makamashi mai tsafta, da Rasha ta rufe mata famfon gas a 2022, tashoshin kwal ta sake kunnawa. Ban ga laifinta ba, ta duba jama'arta ne. Ku ma ku duba taku.

Sai dai kada a ruɗe ku da bututun AKK. Wannan bututu mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, irin gas ɗin da zai ɗauko na masana'antu ne da tashoshin lantarki. Wanda ake ɗurawa a tukunyar girki daban ne, kuma a tanka yake zuwa mana daga Kudu, shi ya sa kuɗin mota da lalacewar hanya duk suke ƙarewa a kan mai saye a Gusau ko Damaturu. Abin da ke hannunku shi ne manyan rumbunan ajiya a Arewa, da filaye da sauƙin haraji ga masu ɗurawa, da tsauraran ƙa'idoji kan inda ake kafa shagon gas, domin mun ga yadda ake sayar da shi a tsakiyar unguwa kusa da mai walda. Indonesiya ta fara raba ƙananan tukwane masu kilo 3 a 2007, ta fitar da gidaje sama da miliyan 50 daga kananzir cikin 'yan shekaru. Ƙaramar tukunya ce sirrin, domin mai samun na yau da gobe ba ya iya cika babba. Indiya ma ta raba tukwane ga mata matalauta daga 2016, sai aka tarar da yawa ba sa komawa ɗuri saboda tsada. Raba tukunya a filin taro abu ne mai sauƙi, ɗuri na biyu da na goma shi ne aikin.

Mun kuma taɓa ganin irin ta a gida. A ƙarshen 2014 Gwamnatin Tarayya ta amince da kashe naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Ku tura a zagaya ƙauyukanku a ƙirga mata nawa ne ke girki da shi. Murhu mai tsimin itace yana da amfani ƙwarai, musamman a ƙauye inda gas ba zai isa nan kusa ba, amma wanda maƙeran gari suka ƙera, wanda tukunyar tuwo ke zama a kansa daram a tuƙa ba ya motsi, in ya lalace a gyara shi a kasuwa. Ku fara da abin da ke ƙarƙashin ikonku kai tsaye. Makarantun kwana da asibitocin jiha da ke sayen itace mota-mota da kuɗin gwamnati, su ya kamata a fara sauya wa murhu kafin a je kan mai ƙosai.

Shi kuwa itace, ba za a daina amfani da shi a zamaninmu ba, sai dai a noma shi. Ba sai kun tura tawaga Turai ba, ku tsallaka Maraɗi da Damagaram. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman can suka koma barin tohon da ke fitowa daga kututture a gonakinsu, su rage rassa su bar biyu ko uku su tashi. Sassaben zamani suke ce masa. Da wannan dabara aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, galibi gawo da kalgo da sabara, ba tare da gandun reno ko tankar ban ruwa ba. Abin da ya sa ta karɓu shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, ma'aikacin daji ba zai zo ya ci shi tara don ya sassabe reshe ba. Mu kuwa har yanzu muna bikin dashen itace a watan Yuli, a dasa, a yi jawabi, akuya ta gama da shi kafin kaka. Gandun daji hurumin jiha ne, ƙasa kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa muku amanarta. Rubuta wa manomi haƙƙin itacensa a doka ba ya buƙatar izinin Abuja.

Yanzu ga maganar ruwa, wadda ta fi ci mini rai domin ni ɗan ƙasar Haɗejiya ne. Ana kiran lantarkin dam mai tsafta saboda ba ya hayaƙi, kuma Kainji da Jebba da Shiroro, yanzu ga Zungeru mai megawat 700, su ne ke riƙe da wani babban kaso na wutar ƙasar nan. Amma da aka gama Kainji a 1968, tsohon garin Bussa ruwa ya haɗiye shi, an tashi mutum sama da 40,000. Garuruwan da ke ƙasan waɗannan madatsu kuwa, duk daminar da aka buɗe ƙofofi su ke kwana a kan tudu, wasunsu ma ba su taɓa ganin wutar da ake yi da ruwan nasu ba.

Mu namu darasin daga Tiga da Challawa muka koye shi. An gama Tiga a 1974 zamanin Audu Baƙo, Challawa a 1992, don noman rani da ruwan shan Kano, kuma babu mai musun alherin da Kadawa da Kura suka samu. Amma kafin su, kogi kan cika da damina ya malale fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, ya ja da baya da rani. A kan wannan hawa da sauka rayuwar yankin ta ginu: shinkafa in ruwa ya zo, su in ya tsaya, alkama da wake a danshin da ya bari, sannan Fulani su sauko da shanu. Da aka datse, malalar ta ragu, sai ruwa ɗan kaɗan da ke gudu shekara duka. Irin wannan ruwa shi kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta mayar da gonakin Guri da Kirikasamma fadamar da ba ta nomuwa, wasu wuraren kuma ta hana su ruwan gaba ɗaya, ta zama gidan tsuntsayen jan-baki masu cinye gero. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka lissafa cewa amfanin da ake samu daga kowane ma'aunin ruwa a wannan fadama ya fi wanda ake samu da shi a manyan ayyukan ban ruwa na sama. Lissafin bai hana komai ba, domin masunci a Nguru ba shi da kujera a inda ake yanke shawara.

Na kawo wannan ne saboda Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wutarsu, kuma ido zai koma kan kowane dam da ke Arewa. Injin lantarki ruwa mai gudu ba yankewa yake so, fadama kuma ambaliyar damina da bushewar rani take so. Ana iya sasanta su, amma sai an zauna an rubuta jadawalin sakin ruwa, na sama da na ƙasa kowa ya sa hannu. Jihohi shida, Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, sun kafa asusun kula da wannan kwari tun 2006. Ku farfaɗo da shi, ku ba shi haƙori. Kuma duk ranar da za a sake ta da maganar dam ɗin Kafin Zaki a kan kogin Jama'are, a fara jin ta bakin mutanen Gashuwa da Geidam, domin ruwan da ya rage musu ke nan.

Sola ita ce abin yayi, kuma ta cancanta. Duhun da Arewa ta shiga na kwanaki a watan Oktoban 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ya nuna mana haɗarin rataya yanki guda a kan wayoyi biyu. Rana kuwa Allah Ya hore mana ita fiye da kowane yanki na ƙasar nan. Tashar megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a 2023 somin-taɓi ce. Amma sola ma tana da nata bashin, kuma batir ne. Faifan kan yi shekara 20 ko fiye, batirin dalma kuwa 'yan shekaru kaɗan yake yi ya mutu. Daga nan sai hannun 'yan gwangwan, a fasa shi da guduma, a zubar da ruwan a kwata, a narka dalmar a fili, yara na wasa a gefe. Wanda ya san abin da ya faru a Zamfara a 2010, lokacin da gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum, ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Dalma ba ta ruɓewa, kuma ƙwaƙwalwar yaron da ta taɓa ba ta komawa daidai. Duk kwangilar fitilun titi ko solar asibiti da za ku bayar, a rubuta a ciki wa zai karɓi mataccen batir, ina kuma zai kai shi. Sabon batirin litiyom ya fi daɗewa, amma ku leƙa ramukan da ake haƙo dutsensa a Nasarawa ku ga su wa ke shiga ciki.

Akwai kuma injin ban ruwa mai sola da ake rabawa manoma. Alheri ne, ya raba su da tsadar fetur. Sai dai tsadar fetur ɗin ce a da ke sa manomi kashe inji. Yanzu tun fitowar rana har faɗuwarta ruwa na zuba, kuma ba wanda ke auna yadda ruwan ƙasa ke sauka a fadamunmu. A sa ma'aikatun ruwa su fara aunawa tun rijiyoyin unguwa ba su ƙafe ba.

Iska ba zan daɗe a kanta ba. Fankoki 37 na Lambar Rimi a Katsina, masu megawat 10, sun shafe sama da shekara goma ana jiran su. Matsalar ba ta iska ba ce.

Saura man Kolmani, wanda aka ƙaddamar da haƙarsa a watan Nuwamban 2022 a iyakar Bauchi da Gombe, aka yi ta murna. Ba na cikin masu cewa a bar shi a ƙasa. Amma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. An samu mai a Oloibiri ta Neja Delta a 1956, kuma a 2011 rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya ce tsaftace ta na iya ɗaukar shekara 30, har an samu rijiyar da gubar da ke cikinta ta ninka ƙa'ida sau 900. Su suna da ruwan sama da koguna birjik. Mu da rijiya ɗaya ke shayar da ƙauye da garkensa fa? Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da nasu labarin. Daga 1971 an shafe shekaru sama da hamsin ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen Faransa, da aka rufe mahaƙar Akouta da ke Akokan a 2021 sai aka bar wa mutanen garin tulin dusar ma'adini mai guba wajen tan miliyan 20, ita kuwa ƙasar har zuwa 2023 daga Najeriya take sayen mafi yawan wutarta. Abin da nake roƙo a Kolmani, da ma wuraren haƙar kwal irin Maiganga, ƙarami ne: a auna ruwa da ƙasa da lafiyar mutane yanzu, a buga sakamakon da Hausa da Fulatanci, a ajiye kwafi a fadar hakimi. In ba a yi haka ba, ranar da rijiya ta fara warin mai za a ce da ma can haka take.

Ranku ya daɗe, a zamanku na gaba a Kaduna ina roƙon ku sa maganar girki a ajanda da sunanta, ku gayyaci matan da ke sana'ar abinci da shugabannin masu gidan burodi da dillalan gawayin kansu, ku ji nawa suke kashewa da abin da zai sa su sauya. Dokar hana sara kuma ku yi ta tare, domin in Bauchi ta hana Kaduna ta bari, motar hanya kawai za ta canza. Ku fara da kaɗanya da ɗorawa da ƙirya, ku sa ranar da dokar za ta fara aiki, ku kuma sanar da abin da zai riga ta isa kasuwa.

Wassalam.

Naku,
Tsohon malamin daji,
daga ƙasar Haɗejiya, Jihar Jigawa.